Mai Sauraro Ma Yana Buƙatar Inda Zai Sauke Kaya



Shugaban reshe, sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu hedimastoci, 'yan uwana malamai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa baƙinmu da suka taso daga Malumfashi da Bakori da Danja, suka bar gonakinsu a wannan lokaci na kaka domin su zauna tare da mu. An nemi in yi magana a kan malamin ba da shawara, wato wanda makaranta ke ɗora wa nauyin sauraron damuwar ɗalibai: yadda yake aikinsa, da yadda yake rayuwa bayan an tashi. Ni ba likita ba ne. Malamin aji biyar ne mai takardar NCE, wanda hedimasta ya kira wata rana ya ce, tunda yara suna sakin jiki da kai, ka riƙe wannan aiki. Abin da zan faɗa, daga kurakuraina na samo mafi yawansa.

Aikin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Masana suna danganta mafarinsa da shekarar 1959, lokacin da malaman kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa ɗalibai masu fita bayanin sana'o'i. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci aikin, ta kuma nemi a horar da masu yin sa. To amma abin da aka koya mana a kwaleji ya fi karkata ga zaɓen darasi da sana'a. Ba wanda ya shirya mu domin abin da ya same mu a wannan yanki. Dukanmu muna tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wannan duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba su ne yaran da suka shigo azuzuwanmu ɗaya bayan ɗaya daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, ba takardar canjin makaranta, ba littafi, sai abin da idanunsu suka gani.

Ɗaya daga cikinsu ne ya zama malamina. Yaro ne da bai wuce shekara 11 ba. Ba ya magana, ba ya wasa, kuma duk sa'ad da babur ya wuce bayan aji sai ya zabura kamar an tsikare shi. Na kira shi ofis, na zauna a kan kujera yana tsugune a ƙasa, na yi masa nasiha mai tsawo a kan haƙuri da karɓar ƙaddara. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya ce, "To, Malam," ya tashi. Mako uku ina maimaita wannan, ba abin da ya sauya.

Wata rana bayan an tashi na sa shi ya taya ni ban ruwan itatuwan da muka dasa a bakin makaranta. Da muka gama sai muka zauna a gindin darbejiya, kafaɗa da kafaɗa, kuma saboda gajiya ban ce masa komai ba. Can sai ya ce, "Malam, ni ne na bar tocila a kunne." A daren da aka shiga garinsu ya fita kewaye da tocila, ya manta bai kashe ta ba, kuma tun daga ranar ya ɗauka haskenta ne ya jawo maharan gidansu. Wata da watanni yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Ni kuwa ina ta shafa magani, ban san inda ƙayar ta soke ba.

Daga baya na karanta labarin Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987. Abin da ya fara jawo hankalina shi ne a gona ya tashi, kuma ilimin noma ya fara karantawa a jami'a kafin ya sauya hanya, sannan ya shafe fiye da shekara 10 yana aiki da yara masu matsala a garin Rochester. A 1957 ya bayyana sharuɗɗan da yake ganin su ne ke sa mutum ya samu sauƙi a hannun mai sauraronsa, kuma uku daga ciki sun rataya ne a wuyan mai sauraron. Na farko, ya zama mai gaskiya, abin da ke fuskarsa shi ne a zuciyarsa. Na biyu, ya karɓi mutumin yadda yake, ba sai ya gyaru sannan a mutunta shi ba. Na uku, ya yi ƙoƙarin ganin lamarin da idon mai shi. Manomi zai gane wannan da sauri. Ba mai jan masara da hannu don ta yi tsawo. Noma ake yi mata, a sa taki, a jira.

Ba ina cewa a bar nasiha ba ne. Mu mutanen nasiha ne, a cikinta aka rene mu. Abin da nake cewa shi ne tana da lokacinta, kamar yadda taki yake da nasa. Bayan yaron nan ya faɗi abin da ke cinsa, sai na iya gaya masa cewa masu zuwa da babura da dama ba tocilar yaro ke kawo su ba, kuma a ranar ne maganar ƙaddara ta samu wurin zama a zuciyarsa.

Abu biyu ne ke tsare wannan aiki. Na farko amana. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar da yaro ya faɗa a gindin itace, in ta fito a ofishin malamai a lokacin tara, to an kashe aikin a makarantar baki ɗaya, domin yara suna jin komai. Amma amanar tana da iyaka, kuma wajibi ne a gaya wa yaro iyakar tun farko: idan ransa ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, dole a sanar da wanda zai iya kare shi. Na biyu sanin matsayi. Yaron da ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yake maganar kashe kansa, ya wuce hannun malami. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai wannan lalura kamar wanda za a tsare kawai. Aikinmu a nan shi ne mu shawo kan iyaye su kai yaro, mu kuma cire musu kunyar yin haka.

Yanzu bari in zo kan rabin maganar da ba mu cika yi ba. Bayan yaron nan, wasu suka biyo, domin labari ya bazu cewa akwai malamin da ke saurare. Ina jin daɗin haka, har ina ganin kaina wani abu. Ban lura cewa barci ya fara ƙaurace mini ba. In na ji babur da dare sai in tashi zaune. 'Ya'yana in sun yi hayaniya sai in daka musu tsawa, ni da na wuni ina lallashin 'ya'yan wasu. Wata rana da dare uwargidana ta ajiye mini tuwo, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, gangar jikinka ce ke dawowa gidan nan. Kai kana can." Ban samu abin da zan ce mata ba.

Na ɗauka raunina ne, sai na tarar shi kansa Rogers bai tsira ba. Lokacin da yake Jami'ar Chicago, ya nutse a cikin matsalar wata mata mai tsananin ciwo da yake saurare, har ya ji hankalinsa na neman gushewa. Sai da ya miƙa ta ga wani likita, ya ɗauki matarsa suka bar gari na tsawon watanni, da ya dawo kuma ya zauna a gaban wani abokin aikinsa a matsayin mai neman taimako. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da ke cinye ma'aikaci a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta kuma ambaci alamunta: ƙarewar kuzari, da jin ka ƙosa da aikin da mutanensa, da raguwar ƙwazo. An ce wanzami ba ya son jarfa. To wanzamin da ya ƙi yarda a taɓa shi, wata rana hannunsa zai yi rawa a kan fatar wani.

Ga abin da nake yi yanzu. In na tashi daga makaranta ba na zarcewa gida. Ina biyawa ta 'yar gonata ta masara da waken suya, ko da rani ne babu komai sai kara, in yi rabin awa ina abin da hannu ke yi ba kai ba. A nan nake sauke kayan. In na shiga gida ba na ba iyalina labarin kowa, domin ba amanarsu ba ce, amma na koyi cewa, "Yau na ji abu mai nauyi, ku yi mini uzuri." Wannan ya fi musu sauƙi a kan shirun da ba su san dalilinsa ba. Bayan sallar isha'i ba na amsa wayar aiki sai in ta gaggawa ce. Kuma duk mako biyu ina zama da wani dattijon malami da ya yi ritaya, in ba shi labarin abin da ya dame ni ba tare da sunan kowa ba. Sau da yawa ba ya cewa komai sai, "Ina jin ka." Yakan ishe ni.

'Yan uwana mata, na san naku ya fi namu nauyi. 'Yan mata ba za su faɗa wa namiji abin da za su faɗa muku ba, don haka mafi ɗacin labari kunnenku yake shiga. Kuma ku ba gona kuke biyawa ba, murhu ke jiranku. Ina roƙon mazajenku da za su karanta wannan su gane cewa malamar da ta shigo gida ta yi shiru ba fushi take yi ba, su ba ta ɗan lokacin da za ta dawo cikin hayyacinta.

Kada wani ya ce aikin nan sai mai digiri. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu ciwon da suke kira yawan tunani, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna an samu sauƙi sosai. Sai dai a duka biyun ba a saki masu aikin su kaɗai ba. An horar da su, kuma akwai wanda suke komawa gare shi.

Saboda haka roƙona ga wannan reshe guda ɗaya ne, kuma ba ya cin kuɗi. A ware awa ɗaya a kowane wata, malaman da ke riƙe da wannan aiki su haɗu, maza a gefe, mata a gefe in sun fi son haka, kowa ya sauke abin da ya ɗauko, ba suna, ba rubutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan yanzu yana ƙaramar sakandare. Ranar kasuwa na gan shi yana taya kawunsa ɗaure buhunan masara a kan babur, yana dariya. Da na koma gida na gaya wa uwargida cewa yau na ga abin farin ciki. Ta ce ta gani a fuskata tun daga zaure.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da gidajenmu.