Intel ko AMD: Lissafin da Kwamitocin Sayayya Suke Tsallakewa

  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Shekara da shekaru ina jayayya da wasu daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure a kan abu guda. Duk sa'ad da za a sayo kwamfutocin tebur don ɗakin gwaji ko ofis, sai wani ya miƙo takarda: furosesar Intel a hagu, ta AMD a dama, an ja layi a ƙarƙashin gigahaz. Sannan ya ƙara da cewa ai wannan ana iya sa mata ƙaimi, wato a ɗaga gudunta sama da wanda kamfani ya rubuta a kwali, a samu ƙari kyauta. Matsayina bai canza ba. Wannan ƙarin ya daina zama kyauta tun da daɗewa, kuma a ƙasa mai zafi da tsadar wuta irin tamu, shi ne mafi tsadar abin da ke cikin akwatin.

Na san inda ra'ayin ya samo asali, domin a da gaskiya ne. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300. Da ka ɗaga gudun layin madabod daga 66 zuwa 100, sai ta koma 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wadda ta ninka ta kuɗi sau da yawa. Ƙarin kashi hamsin cikin ɗari ke nan, da sauya saiti guda. Wajajen 2000 kuma masu Athlon da Duron na AMD da fensir suke haɗa 'yan gadojin da ke saman furosesar don su kwance mata dabaibayi. A 2011 Core i5-2500K ta zo a kan dala 216, gudunta gigahaz 3.3, amma da fanka mai kyau mutane da yawa suna kai ta 4.5, ta kuma yi shekaru tana aiki a haka. Ta ƙarshe a wannan layi, a ganina, ita ce Ryzen 7 1700 ta AMD a 2017: ƙwayoyi takwas a kan dala 329, ana iya kai ta kusa da gigahaz 4, ta kamo yayarta 1800X mai dala 499, a lokacin da mai ƙwayoyi takwas ta Intel ta haura dala dubu. Duk wanda ya koyi sana'a a waɗannan shekaru yana da hujjar son ƙaimi. Amma kamfanonin sun ga abin da muke yi. Yanzu furosesa da kanta take auna zafinta da wutar da take sha, ta ɗaga gudunta har inda za ta iya. Ragowar da muke tatsa a da, su suka riga mu tatsewa, suka sa mata farashi.

Kafin in zo kan babbar maganata, ga darasin da ya kamata ya kashe bautar gigahaz tun tuni. A 2011 an kai FX-8150 ta AMD gudun gigahaz 8.429 da sanyin ruwan hiliyam, har ta shiga kundin Guinness. Wannan furosesar dai, a kan tebur, 2500K mai araha tana kayar da ita a yawancin wasanni da ayyukan da ƙwaya ɗaya ke yi. A 2013 AMD ya sake gwadawa da FX-9590, mai taɓa gigahaz 5 tana shan wat 220, bai kuma ƙwace kambin ba. Abin da ake aunawa shi ne yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, ba yawan bugun kaɗai ba.

To, ga lissafin da nake so kowa ya fita da shi, kuma zan daɗe a kansa. Wutar da furosesa ke sha wajen aiki tana tafiya ne da gudunta sau boltej sau boltej. Ɗaliban aji biyu sun san wannan, amma ba na ganin sa a takardun sayayya. Ɗaga gudu ba ya yiwuwa a saman iyaka sai an ƙara boltej. A ce ka ƙara gudu da kashi goma, ka ƙara boltej da kashi goma don ta tsaya da ƙafarta. 1.1 sau 1.1 sau 1.1 ya ba ka 1.33. Ka sayi ƙarin gudu na kashi goma da ƙarin wuta na kashi talatin da uku. Kuma kashi goman nan a takarda ne. A aikin da ke jiran ma'ajiya ko faifai, ba za ka gan shi duka ba.

Mu mayar da shi naira. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wuta na rukunin Band A naira 225 kowane kilowat a awa. Ɗauki ɗaki mai kwamfuta talatin da ke aiki mai nauyi, kowace tana shan ƙarin wat ɗari saboda ƙaimi ko saboda an zaɓi furosesa mai haɗama, awa takwas a rana. Kilowat 24 ke nan a wuni, naira 5,400 a wancan farashi. A kwanakin aiki 250, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin. Wannan idan akwai wutar ke nan. Idan janareto ne ke ja, ku da kuke sa hannu a takardar dizal kun fi ni sanin abin da zai zama. Idan sola ce, ƙarin kilowat uku ne a kan inbata da batura, wanda dole a saye su tun ranar farko. Ban kuma gama ba, domin kowane wat da ya shiga akwatin a matsayin zafi yake fitowa. Kilowat ukun nan tamkar ka kunna dutsen guga uku ne a cikin ɗakin ka bar su wuni, sannan ka biya na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe zafin. Sau biyu ake biyan kuɗin ƙaimi.

Jadawalin gwaje-gwajen da ake kwafo mana daga intanet, a ɗakuna masu sanyi aka yi su, digiri ashirin da 'yan kai. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, watan Afrilu da Mayu zafi yana haura arba'in. Ryzen 7000 iyakarta digiri 95, manyan na Intel 100, kuma da sun kai nan su da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Tazarar digiri goma sha biyar ko ashirin da mai gwajin yake da ita, mu ba mu da ita. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin fanka cikin 'yan makonni. Na taɓa buɗe kwamfutocin wani ɗakin gwaji da aka kashe kuɗi aka saya musu furosesa masu harafin K, wato na Intel da ake iya sa wa ƙaimi, na tarar suna gudu ƙasa da na kwali saboda zafi da ƙura. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don da kuɗin bambancin da an ƙara wa ɗalibai kujeru da injuna.

Za a ce mini masu haɗa bidiyo da masu zanen gini kowane daƙiƙa kuɗi ne a wurinsu. Su ƙara ƙwayoyi da ma'ajiya, ya fi musu. Za a ce kuma ɗalibi yana koyon abu idan ya taɓa saitin. Na yarda, a ware masa tsohuwar na'ura guda ya yi ta gwaji.

Abin da ya faru a 2023 da 2024 ya isa shaida. Core i9-14900K tana fitowa daga kwali tana taɓa gigahaz 6, da izinin shan wat 253. A 2024 masu manyan furosesan Intel na zubi na 13 da na 14 suka yi ta kukan injunansu suna tsayawa. A watan Yuli Intel ya amsa cewa boltej mai yawa ne ke lalata su, daga baya ya fitar da gyare-gyare, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Wadda ta riga ta lalace, gyaran ba ya dawo da ita. AMD ma bai tsira ba: a 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a gurbinsu, sai da aka taƙaita wani boltej nasu a 1.3. Idan masu ƙera abin sun taka iyaka sun zame, ina dalilin da zai sa mai gyara a ofishinmu ya ƙara turawa? Kuma wanda ya sayi furosesarsa a kasuwa ta hannu na uku, wa zai kai wa takardar garanti?

Ku dubi kuma Ryzen 7 5800X3D ta 2022. AMD ya kulle ta, ba a ɗaga mata gudu, gudunta ma bai kai na 5800X ba. Amma da ma'ajiyar kusa ta megabait 96 ta yi gogayya da mafi tsadar na Intel a wasanni, da wuta kaɗan. Mafi muhimmanci a wurina, tana zama a gurbin AM4, wanda madabod da yawa na 2017 suke da shi. Mutum ya sabunta manhajar madabod, ya cire tsohuwa ya sa sabuwa. Intel kuwa ya saba canza gurbi bayan zubi biyu ko uku, kuma in kana son ƙaimi sai ka biya kuɗin K, ka biya na madabod mai Z. A wannan ma'auni, a shekarun nan, na fi karkata ga AMD, kuma ba na ɓoyewa. Ranar da lissafin ya juya zan juya, kamar yadda na tsaya wa Intel a zamanin FX.

Abin da nake roƙo shi ne wanda na sha roƙo. A cire layin gigahaz daga takardar neman farashi, a sa wat nawa injin ke sha a bakin soket yana tsakiyar aikin da za mu ba shi. Ɗan kwangila ya kawo guda ɗaya a gwada ta awa uku da rana, a ɗakinmu, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, kafin a sa hannu. Masu kula da injuna kuma a koya musu akasin ƙaimi: rage boltej da ɗaure iyakar wuta. Ryzen 9 7950X da aka saukar daga wat 170 zuwa 105 kaɗan take rasawa daga aikinta, kuma saitin yana nan cikin madabod ɗin da muka riga muka saya. A sa kuɗin bushe ƙura sau biyu a shekara cikin kasafi, ɗaya kafin hunturu ya shigo, ɗaya bayan ya wuce.