Kafin Ka Ce Kwamfutarka Ta Tsufa

 

Yau maganar kwamfuta za mu yi, amma kar kowa ya gudu, ba sai ka yi digiri a kanta ba.

Watan jiya ƙanwata ta same ni kamar za ta yi kuka. Fom ɗin tallafin karatu take cikewa, ranar ce ta ƙarshe, sai wajen tara na dare aka kawo wuta. Laftof ɗinmu ta gida ta hannu ce, batirin ya mutu, da an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Ta kunna ta zauna tana jira, komai ta danna shiru. Ta ce, "Yaya, wallahi abin nan ya gama yayi, a kai a yi mata fomatin kawai." Kafin shafin ya buɗe an ɗauke wutar. A waya muka ƙarasa da ƙyar.

Washegari na zauna na duba. Ashe ba tsufa ba ne. Manhajoji goma sha ɗaya ne ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna: ta kiɗa, ta sauke fina-finai, ta taron bidiyo, har da ta wata firinta da muka daɗe da rabuwa da ita. Kamar maigida ne ya farka da asuba, ko fuska bai wanke ba, mutum goma na ƙofar gida kowa da buƙatarsa. Ina zai saurare ki?

Kuma mu muke jawowa. Wajen saka manhaja Next, Next kawai muke dannawa ba ma karantawa, alhali da yawansu a nan suke ba kansu izinin tashi da kwamfuta. Yawancin laftof ɗin da muke iya saya RAM ɗinsu 4GB ne, ga tsohon hadis mai juyawa. Kowace manhaja ta ɗebi rabonta, wasu ma suna jan data a ɓoye suna sabunta kansu. Kun gane?

To ga yadda ake yi a Windows 10 da 11. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Nemi inda aka rubuta Startup, a Windows 11 kuma Startup apps. Za ka ga jerinsu, a gefe an nuna nauyin kowacce: High, Medium ko Low. Fara da masu High. Wadda ba ka buƙata da zarar ka kunna, zaɓe ta ka danna Disable. Shi ke nan. Ko ta Settings ka shiga Apps, sai Startup, ka kashe maɓallin. Masu Windows 7, ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta msconfig, a can naku yake, don sai daga Windows 8 a 2012 aka mayar da shi Task Manager.

Wani zai ce, "To idan na lalata wani abu fa?" Kwantar da hankalinka. Disable ba gogewa ba ne. Manhajar tana nan, ranar da kake so ka buɗe ta da hannunka. In ka ga ka yi kuskure, koma ka danna Enable.

Amma fa a kula, kar a shiga da gatari. Manhajar kariya daga bairos, bar ta. Abin da ya shafi sauti, irin su Realtek, ko wurin shafa yatsa na laftof, bar su. Sunan da ba ka gane ba, danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Search online, ka karanta tukuna. Idan kuwa baƙon suna ne da ya bayyana bayan an soka filashin wani, sa manhajar kariya ta bincika kwamfutar gaba ɗaya.

Mu bakwai muka kashe. Ba zan ce ta koma sabuwa ba, amma yanzu kafin ƙanwata ta gyara zama ta shirya. Ko sisi ba mu kashe ba, hotunan gida da furojet ɗina da fomatin zai iya kwashewa suna nan.

Abin da ke damuna, matasa nawa ne suka jingine kwamfuta a ƙarƙashin gado, suna jiran kuɗin sabuwa, alhali aikin minti biyar ne? Yau ɗin nan ka duba taka, sannan ka koya wa mutum ɗaya a gidanku. Ku rubuto min manhajoji nawa kuka tarar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya bar zumunci.