Mai kamera, kafin ka danna: jawabi ga matasan ma'aikatan talabijin a Madarunfa

 

Labarin Madarunfa ba ya isa Yamai sai ta idonku. Ko Télé Sahel kake aika wa, ko wata tasha mai zaman kanta, abin da ka ɗauko shi mutane za su yarda da shi. To, bari mu tattauna yadda za a yi aikin ya fito, kuma ba a cutar da kowa ba.

Na farko, haske. Ka sa rana a bayanka, ta faɗa kan fuskar mai magana. A bakin tafki ruwa yana mayar da haske, in ka tsayar da masunci ruwan na bayansa da tsakar rana, baƙin inuwa kawai za ka samu. Ka je da safe ko bayan la'asar.

Na biyu, natsuwa. Ka kafa kamera kan ƙafarta, ka danna, ka ƙirga goma a zuci kafin ka motsa. Kowane wuri ka ɗauke shi sau uku: daga nesa, daga tsakiya, sannan kusa. Ka bar yawan jawo hoto kana turawa, mai haɗawa ba ya iya yanka shi.

Na uku, murya. Iskar hunturu tana cinye magana. Ka rufe mikoro da soso, ka kai shi kusa da baki, kai kuma ka sa abin sauraro a kunne. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai hazo, amma muryar da ba a ji, wallahi sai ya sauya tasha.

Na huɗu, kaya. Batiri biyu, katin ajiya biyu, ƙyalle mai laushi don ƙura, da leda don damina. Kun tuna ruwan 30 ga Agusta 2024, wanda ya kashe aƙalla mutum 15 a Maraɗi. In Gulbi ya kawo, kada ka shiga ruwan da ba ka san zurfinsa ba don neman hoto. Ka hau tudu.

Na biyar shi ne mafi nauyi. A Gabi, Safo, Sarkin Yamma da Ɗan Isa, mutanenmu sun sha wuyar masu satar mutane da dabbobi. Su ma ɓarayin suna da waya, suna kallon Facebook da WhatsApp. Wanda ya kuɓuta daga daji in zai yi magana, ka ɗauke shi ta baya, ko hannayensa kaɗai. Kada masallacin garinsu, ko rijiya, ko ƙofar gidansa su fito. Ka kashe abin nuna wuri na wayarka. Ko da ya ce "ba komai, nuna ni", ka gaya masa inda hoton zai kai, domin kai za ka koma Maraɗi da yamma, shi ko nan zai kwana.

Haka kuma gawa, da yaro mai kuka, da macen da gidanta ya rushe: ka nemi izini tukuna. Ka fara gaida mai gari kafin ka fito da kamera, kuma ka nisanci ɗaukar inda jami'an tsaro suka ja daga.

Allah ya tsare ku a hanya, ya ba mu zaman lafiya.