Jawabi a kan rabon kuɗin magani daga baitulmali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da daminar bana na kai wani almajirina ɗakin shan magani na garinmu, jikinsa kamar garwashi. Malamin asibiti ya duba shi, ya rubuta takarda, ya ce in je kanti in saya, domin su ba su da ko ƙwaya guda. Na saya, yaron ya tashi da ikon Allah. Amma sai na shiga tambaya: ina rabon wannan ɗaki daga baitulmali?

Ku sani, asibitocin Nijeriya hawa uku ne. Manya inda ake koyar da likitoci suna hannun gwamnatin tarayya, na tsakiya suna hannun jihohi, ƙananan na ƙauye kuwa an bar wa ƙananan hukumomi 774. To, nan ƙasa talaka yake fara zuwa, nan mace take naƙuda da tsakar dare, kuma nan ne kuɗi ya fi wuyar sauka.

A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa cika shi ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa kan jinya daga aljihun masu jinya yake fita, wani ya sayar da akuya, wani gona.

A 2014 aka yi dokar lafiya, ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na babban asusun tarayya domin lafiyar talakawa, ta kuma yanka shi: 50 ga inshora, wato asusun da ke biya wa mutum kuɗin jinya, 20 ga magunguna da rigakafi, 15 ga gyaran gini da kayan aiki da abin hawa, 10 ga horar da ma'aikata, 5 ga taimakon gaggawa. Sai a 2018 aka fara sa shi cikin kasafi.

Mu da muka haddace rabon gado, muka san zakka gida takwas take shiga, wannan lissafi ya fi ƙarfinmu ne? Wallahi bai fi ba. Sakaci ne, kuma ni ne farkon mai laifi.

Akwai kwamitin mazaɓa da aka ɗora wa sa ido kan ɗakin shan magani. Ina roƙon kowane liman ya nemi nasa, ya zauna cikinsu, ya tambaya da ladabi: nawa ya zo, yaushe ya zo, me aka saya? Ya rubuta amsar da ajaminsa, ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Nawa littafin na buɗe shi tun watan jiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.