Ciwon Wuya: Wanda Za A Jira da Wanda Ba A Jira

Hakimai, da ku malaman ofis, maganarmu ta yau a kan wuya ce.

Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne, an ɗora su ɗaya bisa ɗaya. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi kamar matashi. Ta cikinsu laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya, jijiyoyi kuwa suka fito ta gefe suka gangara kafaɗu har yatsu. Tsoka ta ɗaure su duka. Wannan ɗan siririn gini shi ke riƙe da kai, wanda nauyinsa ya kai kilo biyar.

Galibin ciwon wuya daga tsoka yake. Magatakarda ya wuni sunkuye bisa rajista, ko mace ta ɗauko damin dawa daga gona a Kaya ko Bakura, tsoka ta gaji ta ɗaure. Wannan hutu da ruwan ɗumi sukan isa. In shekaru sun ja, matashin nan yakan bushe ya danne jijiya, sai dattijo ya ji hannunsa na mutuwa alhali asalin abin a wuya yake. Ƙahon wanzami ba ya kai can.

To, amma akwai wanda ba daga ƙashi ko tsoka ya taso ba, watau sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tantanin ya kumbura, shi ya sa wuya ke sandarewa. Lokacinsa daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura ta yi yawa, mutane kuma suna kwana cunkushe a ɗaki guda. Dattawan Talata Mafara da Maradun ba su manta annobar 1996 ba, ga kuma ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara.

Alamarsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai, da amai, mutum ya kasa kai haɓarsa ga ƙirji. Jariri kuwa maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Yakan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu, amma allura tana maganinsa in an yi hanzari.

Lalle ne ku gargaɗi dagatai da masu unguwa: wanda aka gani haka, a kai shi asibiti ran nan, ko da dare ne, sa'an nan magatakarda ya rubuta ƙauyen da ranar, ya aika wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.