Zaɓen Sif da Kula da Ita a Ɗakin Ƙauye

Ina gaida iyayenmu da ke sauraro daga Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, da duk ƙauyukan da ke tsakani. Yau hirarmu a kan sif ce, wadda wasu ke kira wadirof, wato ma'ajiyar tufafi.

A da can, iyayenmu adudu suke zuba kayansu, daga baya aka sami adaka da fantimoti da kwalla. Yanzu kuwa, da an gama kaka an shiga bukukuwa, duk uwar amarya zancenta gado da sif da madubi. Kaya ne masu tsada. Akwai gidan da sai an sayar da buhunan gero ko gyaɗa, ko an kai ɗan rago kasuwar Lahadi ta Ɗambatta, kafin a haɗa su. To abin da aka sha wannan wahala a kansa, bai kamata damina biyu ta gama da shi ba.

Abu na farko, auna ɗaki kafin a je wurin kafinta. Ki sami igiya ki auna faɗin ƙofa da tsayinta, ki ƙulle, sannan ki auna bangon da za a jingina sif ɗin, da nisan ƙasa zuwa azara. Ɗakunanmu na ƙasa ƙofarsu ba ta da faɗi, rufin kuma ba shi da tsayi kamar na birni. Sau nawa aka kawo sif mai ƙofa huɗu ranar jere, ta ƙi shiga, aka koma fasa bango? Mai ƙofa biyu ko uku ta ishi yawancin ɗakunanmu. In babba kike so, ki ce a yi miki wadda ake kwancewa a ɗaura.

Na biyu, katako. Kusan duk katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako na Rijiyar Lemo da Na'ibawa daga kudu ake kawo shi, ƙasar ruwa. In kafinta ya yi aiki da shi bai bushe ba, da hunturu ya shigo sai ya tsuke, ƙofa ta karkace, ta daina rufuwa. Don haka ki tambaya, ya bushe? Maɗaci da loko suna da ƙarfi, gara ba ta cin su da sauƙi, amma da tsada. Farin katako mara nauyi yana da araha, shi ne kuma abincin gara. Akwai kuma wanda ake kira MDF, mai sheƙi da ɗaukar ido. Wannan garin katako ne aka matse da gam. A ɗakin siminti mara danshi yana daɗewa, amma da ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya rududduge, kuma ba ya gyaruwa. Mai daɓen ƙasa ta yi hattara da shi.

Kada kyan fuska ya ruɗe ki. Zagaya bayanta ki danna da hannu, don a nan ake yin ha'inci da ɗan falle kamar takarda. Buɗe ƙofa ki rufe sau da yawa. Ja kowace durowa. Gwada makulli. Ki kuma dubi tsarin cikinta. Mu kayanmu atamfa ne da leshi da zannuwa da mayafai, ninke su muke yi. Saboda haka hawa-hawa na jera kaya ya fi mana amfani a kan dogon wurin rataya. Gefe ɗaya na rataya ya isa, don hijabi da manyan rigunan maigida.

Na uku, inda za a ajiye ta. Kada ki manna ta da bango. Bar tazarar tafin hannu don iska ta ratsa, ki kuma ɗora ƙafafunta a kan bulo ko lafiyayyen dutse. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, bangon ƙasa yana tsotsar danshi, shi ne kike jin kaya suna warin ruma. Gara kuma ta ƙasa take zuwa, tana gina hanyarta ta jar ƙasa. Duk mako ki leƙa baya da fitila, in kin ga wannan zanen ki kankare shi nan take. Kuma tun a wurin kafinta ki ce a shafa wa gindin da bayan maganin gara.

Sai maganar yara, a nan nake so ku kasa kunne. Doguwar sif in ƙasa ba daidai take ba, yaro ya ja durowa ya taka, kifowa take yi. Wannan ba a nan kaɗai ba ne. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa ƙananan yara sun rasu. Don haka kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su. Kada a jibga akwatuna da kwalla a kanta. In bangon bulo ne, kafinta ya kafe ta ta sama. Magani da almakashi da reza kuwa su hau can sama, a kulle.

Yanzu kafur. Da yawanmu muna watsa shi cikin kayan jarirai don korar kyankyaso da asu. To 'yar uwa, ki daina. Farin ƙwallon nan yana ɗauke da sinadarin naftalin. Akwai jariran da ake haifa da wata tawaya a jini wadda likitoci ke kira G6PD, tana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman a 'ya'ya maza. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ko ya sa rigar da ta kwana da shi, jininsa na iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun 2008. In kin ga idon jariri ya yi ɗorawa, asibiti za ki nufa, ba jira. Maimakon kafur, ki sa busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ƙyalle. Kuma kada ki ajiye tufa sai ta bushe sarai. Da damina ta ɗauke, fito da komai ki shanya a rana, ki goge ciki.

Turaren wuta ma, kada ki sa kasko cikin sif ki rufe. Kabbasa aka yi don wannan. Haka kyandir ko aci-balbal, ba a ɗora su a kai. Abinci da goro da ƙuli-ƙuli kada su shiga, su ne ke gayyato ɓera. Takardun gona da na makaranta da katin rigakafin yara, a sa su a leda, a cikin gwangwani mai murfi, a hawan sama.

A ƙarshe, iyaye mata, kada gasar jere ta sa a jinginar da gona. In ƙarfinku bai kai ba, adakar ƙarfe mai kyau a kan bulo ta fi sif ta bashi da za ta ruguje kafin a biya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.