Farar Wuta da Ilimin Dama da Hagu



Dukkanmu mun san farar wuta. Ana sayar da ita a kasuwannin Daura da Mai'aduwa, ana shafa ta don ƙazuwa, 'yan bindiga kuma na haɗa albarushin Sallar Gani da ita. Mun daɗe riƙe da alli ba mu san darajarta ta wuce nan ba.

Mu dubi tafin hannuwanmu: kamarsu ɗaya, amma dama ba ta zama hagu. A 1848 masanin Faransa Louis Pasteur ya gano cewa ƙwayoyin wasu sinadarai ma haka suke, akwai na dama akwai na hagu. Jikin ɗan'adam kuwa yana bambanta su. Maganin talidomaid, wanda ya nakasa dubban jarirai tsakanin 1957 da 1961, ya koya wa duniya a riƙa binciken kowace siffa daban.

To, yaya ake ƙera siffa ɗaya tak? Ana amfani da ƙarfe irin su rodiyam ko faladiyam don hanzarta haɗuwar sinadarai, amma ƙarfen bai san dama da hagu ba. Sai an samo masa mariƙi, wato wani sinadari mai siffa ɗaya da zai kama shi kamar awartakin maƙeri, ya karkata aikin ɓangare guda. Irin wannan bincike ya sama wa Knowles da Noyori da Sharpless kyautar Nobel a 2001. Knowles da Noyori sun dogara ga fosfaras. Daga baya masana suka shiga ƙera sababbin mariƙa daga farar wuta, domin tana da araha, kuma yawancinsu iska ba ta ɓata su.

'Yan'uwa, wannan ilimi bai fi ƙarfin 'ya'yanmu ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kimiyyar haɗa sinadarai ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar da ita kafin ya shugabanci ƙasa a 2007. Amma yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, hadda kawai zai yi. Muna roƙon ƙungiyarmu ta zaɓi sakandare ɗaya a Daura, Zango, Baure, Sandamu ko Mai'aduwa, ta wadata ɗakin gwajinta da kayan aiki kafin taron baɗi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya albarkaci zuriyarmu.